Igiyar Janareta

Ni na haɗa wa Yayana sola a shagonsa na kifi, kuma tun ranar na gaya masa halin inbatar da ya saya. Irin wadda ke aiki tare da layin kamfanin wuta ce: da an ɗauke wuta sai ta kashe kanta, ko da rana na ƙona ƙeya. In ba haka ba, wutar farantan sola za ta bi waya ta koma kan falwaya, ta sami duk wanda ke gyara a can. Ya ce ya ji. Yaya kuwa bai taɓa jin abin da bai yi masa daɗi ba.

Ran nan da azahar ya kira ni. Tun safe babu wuta, firiza huɗu na zubar da ruwa, shagon ya soma ƙarni. Na tarar ya jona ƙaramin janareta a layin shagon. Wani mai gyaran fanka ne ya ba shi dabarar, wai inbata na jin janareta za ta ɗauka wuta ta dawo, ta tashi ta riƙe firizojin. Makunnin da ke raba shagon da layin waje kuma ya ƙone tun bara, Yaya ya ɗaure wayoyin kai tsaye.

Na leƙa titi. Can tsallake ga tsani jingine da falwayarmu, ga ma'aikacin kamfani a sama, hannunsa cikin wayoyi. Na ƙwala masa kira, ƙarar motoci ta cinye muryata.

Na ce, "Yaya, akwai mutum a sama. Bari ya sauko."

"Tun safe suke hawa suna sauka. Kifina ne zai jira su? Matsa!"

"Wallahi ka tayar da wannan, gawa za a sauko da ita."

"Kai da inbatarka matsoraciya! Ba shi da safar hannu ne?"

Ya sunkuya zai ja igiyar janaretan, na riga shi. Na naɗe ta a hannun dama, na kwanta a kan injin. Ya shaƙo wuyan rigata ya fizga har maɓallai suka watse. Ya kwaɗa mini mari, kunnena ya toshe. Ya sa gwiwa a haƙarƙarina, ya haɗa goshina da tankin mai, jini ya rufe mini ido. Ban rama ba, don in na rama sai na saki igiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma tsoro ya fi yawa.

"Saki, don Allah saki!" Har kuka yake, yana duka.

Da ya ga na ƙi, ya rarumo sifana, ƙarfen kwance noti. Sau uku ya sauke ta a kan yatsuna. A na biyun na ji ƙashi ya ce ƙas.

Sai fankar silin ta motsa. Wuta ta dawo. Inbata ta ɗan jira kamar yadda ta saba, sannan koriyar fitilarta ta kama, firizoji suka ɗauki gurnani.

Muna nan zube a cikin ruwan kifi aka yi sallama. Ma'aikacin ne, dattijo mai furfura, tsani a kafaɗa, yana neman ruwan sanyi. Ya dube mu ya girgiza kai.

"Haba, manya da ku kuna dambe a shago? Ku ji tsoron Allah mana."

Yaya ya ɗago kai. Safar hannun mutumin yake kallo, tana soke a aljihun baya, a ninke.

"Baba, ba ka sa ta ba?"

"Da wannan zafin? Ai na kashe layin kafin in hau. Wutar daga ina za ta zo?"

Sifanar ta suɓuce daga hannun Yaya. Dattijo ya sha ruwansa, ya yi godiya, ya tafi.

Yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, da hagu nake ɗaure waya yanzu. Yaya ne ya warware igiyar daga hannuna a ranar, a hankali, yana ta kiran sunana na yarinta.