Khairiyya Ba Ta Shiga Mota

Wata goma ke nan rabon Khairiyya da shiga mota. Ko adaidaita sahu ba ta hawa. Makarantarsu a nan cikin Fagge take, da ƙafa take zuwa. Ranar Asabar kuma idan za ta bi mahaifiyarta Rofiat rumfarta ta robobi a kasuwar Sabon Gari, sai dai su taka, uwar na gaba tana mita, 'yar na baya riƙe da gefen mayafinta.

Dama can tun tana ƙarama mota ba ta yi da ita. Da an ɗan yi nisa sai hamma, sai jiri, sai amai. A da abin dariya ne a gidan. Mahaifinta Isma'ila yakan cusa baƙar leda a aljihu ya ce ga tikitin Khairiyya. Bayan rasuwarsa ne abin ya canja kama. Yarinya mai shekara takwas, da an ce mata shiga mota sai jikinta ya hau rawa, ta ƙanƙame duk abin da hannunta ya samu. Rofiat ta yi lallashi, ta yi faɗa, har duka ta yi sau ɗaya. Daga baya ta haƙura, tunda babu inda suke zuwa mai nisa.

Ran wata Laraba aka bugo waya daga Ilorin cewa jikin Alhaja, mahaifiyar Rofiat, ya yi tsanani, kuma ba ta da magana sai ta jikarta. Taofeek, yayan Rofiat da ke zaune a Rijiyar Lemo, ya ce zai kai su da motarsa ranar Asabar.

"Tafiyar yini guda ce fa, Yaya," in ji Rofiat. "Yarinyar da ko nan shataletalen Bata ba ta yarda a kai ta a mota?"

"Shagwaɓa ce, ke kika ɓata ta. Gobe zan zo in ɗauke ku mu je gidana. In ta yi wannan, za ta yi waccan."

Washegari da hantsi ya zo. Ɗaukar Khairiyya ya yi cak ya sa a kujerar baya, Rofiat ta shiga kusa da ita ta ja ƙofa. Khairiyya ba ta yi kuka ba. Ta dai sandare, hannayenta a matse tsakanin cinyoyinta. Taofeek ya ɗage gilasai ya kunna sanyi. Motar na ƙamshin wani turare mai nauyi da ya rataya a madubi.

Ya ce zai biya ta Titin Ibrahim Taiwo ya karɓi saƙo. Nan suka faɗa cunkoso. Mota ta matsa kaɗan, ta tsaya. Ta sake zabura, ta sake tsayawa. Rofiat ta ga gumi ya feso a goshin 'yarta duk da sanyin motar, leɓɓanta sun yi fari fat.

"Mama," ta ce a hankali, "yawu na taruwa a bakina."

"Ba komai. Ungo."

Rofiat ta zaro baƙar leda daga jakarta ta buɗe mata a gaban fuska.

Ƙarar da yarinyar ta ƙwalla sai da Taofeek ya taka burki ba shiri. Kafin Rofiat ta kai hannu, Khairiyya ta ɓalle ƙofar ɗaya gefen ta dira tsakiyar titi. Wani adaidaita da ya kutso ta tsakanin motoci ya kauce mata da ƙyar, ƙarfen gefensa ya shafi hijabinta. Mutane suka ɗauki salati. Rofiat ta hango ta sau ɗaya, tana ratsawa ta bayan wata motar lemo, daga nan ba ta ƙara ganin ta ba.

Ta fito ko jakarta ba ta ɗauka ba. Ta tsallaka titin ba ta san yadda ta tsallaka ba. A bakin kwata ta ga takalmin Khairiyya ƙafa ɗaya, ruwan hoda, igiyarsa a tsinke. Ta ɗauka ta rungume a ƙirji.

"Malam, don Allah ba ka ga wata yarinya ba? Hijabi ruwan toka, ba takalmi a ƙafa ɗaya?"

Mai gyaran waya ya ce ta yi can. Mai rake ya ce a'a, nan ta yi. Wata mata ta ce ta ga wani mutum riƙe da hannun wata yarinya tana kuka, sun shiga lungu. Duk labaran da ake yi a kasuwa na yaran da aka ɗauke, aka canja musu suna a wani gari, suka dawo wa Rofiat a lokaci ɗaya. Ta shiga lungun da gudu tana kiran sunan 'yarta. A ƙarshensa ta tarar da mutumin, uba ne da 'yarsa da ta ƙi zuwa islamiyya.

Taofeek ya ajiye mota ya same ta. Fuskarsa ta canja, duk faɗan nan ya tafi.

"Ta koma gida ne," ya ce. "Bari in kira maƙwabta."

Ba ta koma gida ba. Ba ta je makaranta ba, ba ta je rumfa ba. Suka bi hanyar tashar jirgin ƙasa, saboda wani ɗan dako ya ce ya ga yarinya tana bin layin dogo. Rofiat ta riƙa leƙa ƙarƙashin tsofaffin taragun da aka yasar, ciyawa ta cinye ƙafafunsu, tana kira, muryarta ta dushe. Kowane tsumma ta hango a ƙasa sai gabanta ya faɗi kafin ta ƙarasa kusa da shi. Aka kira azahar suna nan. Taofeek ya ce su je wurin 'yan sanda. Yana rufe baki wayarsa ta yi ƙara, lambar da bai sani ba. Ya kasa ɗauka. Rofiat ce ta fizge.

"Maman Khairiyya? Ebere ce, mai kemis. Tun ɗazu nake kiran wayarki ba a ɗauka, da ƙyar na samo lambar yayanki. Tana wurina. Lafiyarta ƙalau. Ki zo ke kaɗai tukuna."

Ebere tsohuwar nas ce, haifaffiyar Sabon Gari, tana da kemis a bayan kasuwa. Rofiat ta shekara goma tana sayen magani a wurinta. Amma rabonta da taka shagon tun ranar da Isma'ila ya rasu.

Ta tarar da Khairiyya zaune a benci a cikin shagon, an wanke mata ƙafa an ɗaure da bandeji inda kwalba ta yanke ta. Rofiat ta yi kanta, ita kanta ba ta san ko runguma za ta yi ko mari ba. Ebere ta tare ta da hannu.

"Zauna tukuna. Kin san abin da ta ce da ta shigo? Cewa ta yi, Anti ki auna ni da sauri kafin in mutu."

Rofiat ta zauna.

"Faɗa wa Mama abin da kika faɗa mini," in ji Ebere.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Abba ma haka ya fara."

"Haka ya fara me?"

"A mota. Ya yi gumi. Ya ce bakinsa na tara yawu. Kika ba shi leda. Da ya yi aman sai ya kwanta a cinyarki. Kika yi ta kiran sa bai amsa ba."

Rofiat ta ji kamar an zuba mata ruwan ƙanƙara. Ranar nan Isma'ila ya tashi da ciwon kai, suka kawo shi nan shagon, Ebere ta auna jininsa ta ce maza asibiti. Babu wanda za a bar wa Khairiyya, sai aka sa ta a motar da za ta kai shi, a can gefen ƙofa. Bai kai asibitin da rai ba. A cikin wata goman nan Rofiat ta ba mutane labarin ranar ya fi sau ɗari, amma ko sau ɗaya ba ta tuna cewa akwai wasu idanu a kujerar ba. Ba ta taɓa tambayar 'yarta me ta gani ba.

"Kin zaci aman ne ya kashe shi?" in ji Rofiat.

Khairiyya ta gyaɗa kai. "Ni ma in na yi a mota, zan mutu. Sai ki zauna ke kaɗai."

Rofiat ta jawo ta jikinta. Sun daɗe suna kuka, Ebere ta juya baya tana jera kwalaben da dama a jere suke. Da suka lafa sai ta ɗauko na'urar awon jini ta ja kujera.

"Khairiyya, dube ni. Ni na auna Abbanki ranar nan. Jininsa ne ya hau sosai, ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Tun kafin ya shiga mota ciwon ya kama shi. Da a kan gado yake ma, aman zai yi. Ciwon manya ne. Naki daban."

Ta ɗaura mata abin a dantse, ya matse, ya saki. Ta nuna mata lambobin.

"Kin gani? Ƙalau. Ke abin da ke damun ki, a cikin kunnenki akwai wani wuri da ke jin motsi. Mota na tafiya, shi yana cewa ana tafiya. Idonki kuma yana kallon bayan kujera, yana cewa a zaune ake. Sai su rikita miki ciki. Shi ke nan. Ɗana Chukwuma har ya gama sakandare yana amai a mota, ga shi can yanzu ƙato, shi ke tuƙa ni coci."

"Bai mutu ba?"

"Jiya ma ya cinye mini tuwo."

Khairiyya ba ta yi dariya ba, amma ta ɗago kai.

Ebere ta kira Taofeek da ke jira a waje ya shigo, ta yi masa bayani ba wasa. A cire turaren nan. A sauke gilashi. Yarinyar ta zauna a tsakiyar kujerar baya inda za ta riƙa hango titi ta gaba, ta kafa ido can nesa. Ba waya, ba littafi. Kada a cika mata ciki da maiƙo, kada kuma a bar ta da yunwa. Ta ba su alewar citta da wani maganin ruwa da za a ba ta kafin a tashi.

"Babban abin kuma," ta ce, "duk inda ta ce a tsaya, ka samu wuri ka tsaya. Ko sau nawa ne. Ka yi mata alkawari yanzu a gabana."

Taofeek ya durƙusa a gaban yarinyar. "Na yi alkawari. Ki yafe wa Kawu."

Ranar Juma'a da yamma suka gwada. Minti ashirin Khairiyya ta yi a tsaye a bakin ƙofar motar kafin ta sa ƙafa, kuma babu wanda ya taɓa ta. Daga ƙofar gida zuwa masallacin Fagge ta ce a tsaya sau uku. Sau ukun Taofeek ya tsaya.

Asabar bayan asuba suka kama hanya. Ta riƙe hannun uwarta har yatsun Rofiat suka mutu. Sun wuce Kura lafiya. Rofiat ta fara sakin jiki ke nan, sai ta ji hannun ya yi sanyi.

"Kawu, tsaya. Tsaya!"

Ya gangara gefen wata gona. Kafin a buɗe ƙofa aman ya zo, ya ɓata mata hijabi da zanen Rofiat. Khairiyya ta zaro ido, numfashinta na fita guntu-guntu, jikinta na kaɗawa.

"Mama, ya zo! Mama, kar ki bar ni in kwanta!"

Zuciyar Rofiat ta buga. Fuskar nan fara fat, gumin nan, warin nan a cikin mota, duk irin na waccan ranar ne. Ta ji kuka na taso mata, ta san kuma idan yarinyar ta gan shi, shi ke nan. Ta danne. Ta fito da ita ta tsayar da ita a kan ƙafafunta, ta dafa kafaɗunta.

"Ba za ki kwanta ba. Ga ki a tsaye. Kalli bishiyar can. Ja numfashi tare da ni. Yauwa. Sake ja. Kira sunana."

"Mama."

"Na'am. Sake kira."

"Mama."

"Na'am. Ni kuma zan kira ki, ki amsa. Khairiyya."

"Na'am."

Haka suka yi ta yi a bakin titi, tireloli na wucewa suna kaɗa musu kaya. Taofeek na tsaye da gorar ruwa. A hankali jini ya dawo fuskar yarinyar. Ta kuskure baki. Ta taɓa ƙirjinta, ta taɓa kanta, ta dubi uwarta.

"Ya wuce?"

"Ya wuce."

"Cikina ma ya daina juyawa," ta ce da mamaki.

Rofiat ta canja mata kaya a bayan mota, ta wanke nata zanen da sauran ruwan. Sai da ta zagaya inda ba a ganin ta sannan ta tsuguna a cikin karan dawa ta toshe baki da mayafi.

Khairiyya ta sake yin amai kafin Zariya, ta kuma yi kuka, amma ba ta yi ihu ba. Bayan Kaduna maganin ya sa ta barci. Rofiat ba ta runtsa ba. Tafin hannunta na kan ƙirjin yarinyar tun daga nan har Mokwa, tana jin yadda yake hawa yana sauka. Tsaye-tsayen ya ja musu lokaci, suka kwana a can, washegari da hantsi suka shiga Ilorin.

Sun samu Alhaja da rai, a kwance, ba ta iya tashi. Ta shafa kan jikarta ta tambaye ta da Yarbanci yaya hanya. Khairiyya ta dubi uwarta, don Yarbancinta bai kai ba, sai ta amsa da Hausa.

"Na yi amai sau biyu, Alhaja. Mama, faɗa mata."

Rofiat ta faɗa mata.