Tsamiyar Kan Iyaka

Amya uku, babu komai a cikinsu. Igiya, tsani, dunƙulen kaki, tsohon gwangwanin hayaƙi. Sai kwalbar zuma da ba a ko buɗe ba, naɗe cikin tsumma. Ita kam bai yarda an jefa ta bayan mota ba, ya ɗora ta a cinya yana hararar ta.

Motar ta faɗa rami, direba ya waiwayo yana dariya.

"Mai Amya, yau kuma kai ake kawo wa zuma?"

"Kalli hanyarka."

Tun yana saurayi ake kiransa Mai Amya. Shi mahaifinsu ya riƙa ɗauka daji, shi ya sha harbi har fuskarsa ta daina kumbura. Ƙaninsa Auta kuwa ko ƙudan zuma ɗaya ya gifta masa sai ya ruga gindin uwa. Da tsohon ya rasu aka raba filinsa biyu, babbar tsamiyar da ke tsakiya ta faɗo ɓangaren babba.

Shi ya gyara nasa. Ya sare itatuwa, ya cike kududdufi, ya shuka tumatir da barkono layi-layi, yana bin su da feshi. Auta bai ɗaga ko lauje ba. Ya bar nasa ya cushe da magarya da ƙaya da ciyawa, mutane suna cewa gonar macizai yake kiwo. Daga baya gidaje suka taso ta gabas, masu buga bulo suka kafa ta yamma, kwalta ta ratsa. Zomo, fakara, bushiya, guza, duk abin da bai mutu ba ya matsu cikin sarƙaƙiyar Auta. Zuma ma ta bi su. Mai Amya ya wayi gari amyarsa sai gizo-gizo.

Da duk wannan ya iya daurewa. Abin da ya tsaya masa a wuya kwalbar nan ce. Matar Auta ta aiko wa matarsa ita a gaban mahaifiyarsu, tsohuwar kuma ta ce ta riga ta ɗanɗana tata, irin ta marigayi ce sak. Bai ci abinci ba ranar.

Dabararsa yau mai sauƙi ce: ya shafe amya da kaki, ya turara, ya rataya a tsamiyarsa. Idan zumar Auta ta cika ta rabu, sabuwar rundunar ta shigo tasa. Itacensa ne, babu mai cewa ya yi sata.

Yana jingina tsani Auta ya fito daga cikin ƙaya, hula a karkace, ƙafa duk raɓa.

"A'a, Yaya! Ba ko sallama? Da ka aiko na zo na kama maka."

"Ba nauyi."

"A nan za ka rataya? Kawo su ciki mana, mu ɗora a kan magarya. Duk abin da ta tara naka ne."

"Wato ka ba ni aron reshe."

"Haba Yaya, wane irin aro? Ni fa ka sani ban iya komai ba. Tukunya kawai na kifa, zuma ta zo da kanta. Har yau in zan ɗiba sai na rufa da bargo ina salati."

Auta ya yi dariya. Mai Amya bai yi ba. Da a ce yaron nan ya fi shi iyawa ne, da abin ya zo da sauƙi.

Ya hau. A sama tsamiyar ta yi fure, tana ta amo kamar injin niƙa daga nesa. Sheƙar kurciya a nan, ta wasu tsuntsaye a can, kurege ya leƙo ya koma. Ya tsaya a kan reshe ya yi abin da mahaifinsa ya koya masa: ya zuba wa zuma ɗaya ido har ta cika ƙafafunta da garin fure, ya ga inda za ta nufa. Ta tashi ta miƙe cikin filin Auta. Ya bi wata, can ta yi. Ya bi ta uku. Iska ta kaɗo daga gonarsa, shi da kansa ya ji warin maganin feshin jiya. Ba sai an gaya masa ba, babu zumar da za ta kwana a nan. Ci kawai take zuwa yi ta tafi.

Daga ƙasa Auta ya ɗaga murya.

"Ka ga albarka, ko? Wallahi tsamiyar nan taka ita ce rabin arzikina. Ɗan tsamin nan da Inna ke yabawa, daga furenta ne!"

Mai Amya ya sauko a hankali. Bai rataya ko ɗaya ba. Ya ajiye kwalbar a gindin itacen, ya ce wa direba a mayar da kaya mota.

"Yaya, ka manta zumarka."

"Ban manta ba."

A gida matarsa tana shanya a tsakar gida. Ta ga amya uku sun dawo yadda suka tafi, ta sauke hannu.

"Baban yara, lafiya? Ba a rataya ba?"

"Mai zarton nan na bakin kasuwa, yana nan?"

"Yana nan. Me za a yanka?"

"Tsamiya."

Ta saki zanen da ke hannunta cikin bokiti.

"Tsamiyar Baba? Ita kaɗai fa ta rage maka. Ina tsuntsayen za su? Kuma me za ka ce wa Inna?"

"Furena, zumarsa. Ya isa haka."

Ya shiga ɗakin ajiya, ya jera amyoyin a jikin bango kusa da tankin feshi. Ta biyo shi har bakin ƙofa tana kiran sunan Allah. Ya tura ƙofar, ya sa sakata, ya yi magana ta cikin katako.

"Gobe da safe za a sare ta."