Hannun Madam Lucienne

Zafin Garoua ya kai inda fanka ma iska mai ɗumi take kaɗowa. Haoua tana zaune gaban kwamfuta, barci na fizgarta, tana gyara wata tsohuwar manhaja da manoman shinkafa na Lagdo suka kawo, wadda ke gaya musu lokacin sakar wa gonaki ruwa. A ofishin ba wanda ya san wa ya rubuta ta.

Tana gangarawa layi-layi sai ta tsaya cak. An rubuta 0 < ruwa, sannan ruwa < iyaka. Ta ƙara gaba. Ko'ina haka yake: ƙarami a hagu, babba a dama, ko sau ɗaya ba a juya bakin alamar ba.

"Maxime, zo ka gani," ta ce wa abokin aikinta. "Da kai ne, yaya za ka rubuta wannan?"

"Ruwa > 0 mana, kamar kowa. Ai duk ɗaya ne."

"Mutum ɗaya na sani mai wannan hannun."

Madam Lucienne ce ta fara koya mata kwamfuta a makarantar sakandare. Takan ce a jera lambobi yadda suke a jikin ma'auni, ido ya bi su ba tuntuɓe. Wani dogon hutu ta tafi, ba ta dawo ba. Wasu suka ce Douala, wasu Faransa. Haoua ta lumshe ido, sai ga ajin nan, ƙurar alli na yawo cikin hasken taga, ga Madam ta juya baya tana rubutu a allo.

"Ɗabi'a ce kawai, mutum dubu na da ita," in ji Maxime. Duk da haka ya kira shugaban manoman. Shugaban ya ce wata mata ce ta rubuta musu, yanzu tana Tibati, ya karanto lambarta.

Haoua ta buga lambar.

"Allô?" Muryar ta tsufa. A bayanta ana jin masunta na kiran juna daga nesa.

"Madam, Haoua ce. Mai zama kusa da taga."



"Haoua mai sa alamar daidai ɗaya inda ake son biyu?"

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. "Na daina, Madam."

"Yaya kika same ni, 'yata?"

Ta gaya mata. Madam ta yi ajiyar zuciya, ta ce idonta ya yi rauni, ta daɗe da barin kwamfuta, har ta manta abin da ta rubuta wa mutanen Lagdo.

"Karanta min," ta ce. "A hankali."

Haoua ta jawo kujera. Ta soma daga layin farko, Madam na cewa "uhum" can ƙasa-ƙasa. Maxime ya ɗauki makullin babur ɗinsa, ya ja musu ƙofa.