Kunnuwan Tsumma

Da ƙafar baya Zayyanu ya janyo karen daga cikin bahon wanki, amma ya makara. Tsumma ya tsaya a tsakar gida ya girgiza jiki son ransa, ruwan sabulu ya fallatsa a kan farar rigar Juma'ar da Rahmatu ta shanya yanzun nan.

Rahmatu ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi razana mijinta.

"Malam, sau uku ke nan a satin nan. Ya shiga randa, ya shiga kwatarniyar awaki, yau ga wankina. Karen nan ba zai sake kwana a gidan nan ba."

Karen dai ba nasu ba ne. Lukuman, ƙanen Zayyanu, direba ne a Abuja. Baturen da yake yi wa tuƙi ya koma ƙasarsu ya bar masa shi, shi kuwa ɗaki ɗaya gare shi a gidan haya, sai ya kawo shi garinsu Dodoru ya ce, "Yaya, ga amana." Baƙi ne wuluk, gashi a nannaɗe kamar na ɗan tunkiya, ga kunnuwa fato-fato har wuya. Rahmatu ce ta raɗa masa suna, wai idan ya jiƙe ba shi da maraba da tsumman goge tukunya.

Mutum ɗaya ne a garin ya yarda ya karɓe shi, maƙwabcinsu Baba Ashiru mafarauci, shi ma da sharaɗi.

"Ba ka ga yana kaɗa kai yana susa ba? Kunnen ne ke damunsa, shi ya sa yake bin ruwa. A yanke, a shafa toka, magana ta ƙare."

Haka ake yi wa karnukan farauta tun suna 'yan kwikwiyo, ba wanda ya taɓa ganin laifin abin. Amma Zayyanu ya ji zuciyarsa ta ƙi. Da wane ido zai dubi Lukuman, an ba shi kare cikakke ya mayar da guntu? Ya roƙi tsohon ya ajiye wuƙarsa zuwa yamma, ya cusa Tsumma a kwandon albasa, ya ɗaure a bayan babur, ya kama hanyar Kalgo, inda Khairiyya, 'yar yayarsa, take aikin likitar dabbobi.

Khairiyya ta ɗaga kunnen ta leƙa, ta yamutsa fuska saboda wari, sannan ta kama dariya.

"Kawu, yanke kunne kuma? Ruwa ne yake kwanciya a ciki, ba a goge masa. Magani kawai za a riƙa ɗiga masa na kwana bakwai." Ta buɗe yatsun ƙafarsa. "Duba nan, ka ga fatar da ta haɗa su kamar ta agwagwa? Karen masunta ne na ƙasar Fotugal. Kakanninsa a kwale-kwale suka yi rayuwa, suna janyo taru."

"To ni da nake ɗaure shi nesa da ruwa?"

"Ai shi ya sa yake faɗa wa randar Inna Rahmatu. A bar shi ya yi iyo ya gaji, idan ya fito a tsane masa kunnuwa da ƙyalle. Gashin nan kuma ba ya zuba, tsiro yake ta yi, sai ana tajewa ana ragewa."

Zayyanu ya yi tagumi. Shi manomin albasa, ruwansa na rijiya ne, ina zai samo wa kare kogi?

A hanyar komawa ya tsaya a bakin gulbi don ya yi alwalar azahar. Kafin ya kafe babur, kwando ya zama wayam. Can ya hango baƙin kai yana keta ruwa, ya nufi wani filafilin tuƙa kwale-kwale da ya suɓuce wa wani masunci, igiyar ruwa tana tafiya da shi. Tsumma ya cafke shi da baki, ya juyo, ya kai shi har gefen kwale-kwalen. Masuncin, wani dogon dattijo mai suna Lawali, ya tuƙo zuwa gaɓa baki buɗe.

"Wanga kare naka ne?"

"Amana ce."

"Awo. To ka ba ni riƙon amanar. Kifi ba ya yanke mana, ruwa kuwa ga shi nan."

Zayyanu ya kira Lukuman a waya, ƙanen nasa ya yarda nan take. Zayyanu ya miƙa wa Lawali kwalbar maganin da Khairiyya ta ba shi, ya nuna masa yadda ake goge kunne har sau biyu, ya sa shi ya rantse ba wuƙa. Da ya tayar da babur, Tsumma ko waiwaye bai yi ba, yana can yana nutso. Abin ya ɗan sosa wa Zayyanu rai, amma murna ta fi yawa. Ya ceci kunnuwa, ya ceci zaman lafiyar gidansa, duk a yini ɗaya.

Ya isa Dodoru rana ta yi sanyi, ya shiga gida yana taƙama, yana jiran yabo. Sai ya yi turus. A gindin darbejiya ga tsohon bahon da ya fashe, an liƙe shi da narkakkiyar roba, an cika shi taf da ruwa. Kusa da shi ga kwano da ƙanzo an jiƙa, ga wani tsohon zane an yayyanka shi ƙananan ƙyallaye.

"Khairiyya ta kira ni, ta yi mini bayani," in ji Rahmatu daga bakin murhu. "Ashe bawan Allah ba rashin kunya ba ce, halittarsa ce." Ta leƙa kwandon da ke hannunsa, ta dubi bayansa. "Malam, ina Tsumma?"

Zayyanu ya ajiye kwandon. Ya fita waje a hankali, ya buɗe tankin babur yana duba ko man zai kai shi gulbi wurin Lawali gobe da safe.