Madubin Hagu

Mudi ya saka ribas, ya ɗaga ƙafa daga kan kuloci a hankali, babbar motar ta yi gurnani ta fara ja da baya. Filin ƙwallon da ke bayan unguwarsu babu kowa da safiyar nan sai awaki, da duro biyu da Raufu ya jera a matsayin ƙofar sito. Ya duba madubin dama, duron na nan inda yake. Ya duba na hagu, bai ga komai ba sai wani fari-fari kamar hasken rana. Ya murza sitiyari kaɗan.

Ƙarar ƙarfe ta tashi, awakin suka watse.

"Birki! Mudi, birki!"

Raufu ya taho da gudu yana dukan jikin motar da tafin hannu. Tsohon direba ne, ya daɗe yana kai masara Legas. A Funtuwa aka haife shi, iyayensa mutanen Ogbomosho ne, kuma in ya fusata Hausarsa ta fi ta Mudi kaifi. Shi ya ara masa motar kafin a kira shi lodi da rana.

"Kullum na hagu! Me duron nan ya yi maka ne?"

"Wallahi Oga, ban gan shi ba."

"Ba ka gan shi ba? Ga shi nan shuɗi, ƙato, ko jaki ba zai yi karo da shi ba."

Mudi ya sauko ya tsaya yana kallon duron da ya loɓe. Tun makon jiya kansa bai zauna daidai ba. Wani kamfanin jigilar hatsi da ke hanyar Zariya ne ya nemi direbobi saboda kaka ta gabato, ya je gwaji tare da mutane da yawa. A saninsa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya tayar da mota, ya zaga fili, ya hau gangare ya tsaya ya tashi ba tare da ta zame ba, ya yi ribas ya shige ƙofar sito. Amma da ya kashe inji sai mai gwajin, Malam Sada, ya ce masa kawai, "Sauka. Ka dawo ranar Laraba ta sama."

Daga nan kowa ya zama malaminsa. Wansa Haladu ya ce ai a bayyane take, ba shi da kowa a kamfanin. 'Yan kamasho a tasha suka ce wai yanzu sai mai takardar sakandare ake ɗauka. Wani ya rantse ya ji giya ta yi ƙara lokacin da Mudi ya canja, alhali mutumin bai ma je wurin ba. Matarsa Raudatu ta ce don ya fita bai karya ba ne, dole hannu ya yi rawa. Mudi ya saurari kowa, kuma kowa ya ga kamar yana da gaskiya.

Shekarunsa na ƙarfi duk a kan tarakta ya yi su, a gonakin Mahuta da Dandume. Da gonakin bakin daji suka daina nomuwa saboda rashin tsaro, mai taraktar ya sayar da ita, Mudi ya kwaso iyalinsa suka dawo Funtuwa, suka raɓa a ɗaki ɗaya a gidan Haladu. Ya koyi babbar mota a hannun Raufu, ya samu lasin. Aikin nan shi ne hanyarsa ta fita daga ɗakin nan.

"Sake hawa," in ji Raufu. Sai kuma ya riƙe masa hannun riga. "A'a, tsaya. Kalle ni."

Ya matso har Mudi yana jin ƙamshin goron bakinsa. Ya duba ido ɗaya, ya duba ɗayan.

"Rufe na dama da hannunka."

"Don me?"

"Rufe dai."

Mudi ya rufe. Filin ya ɓace. Motar ta zama wani baƙin dunƙule, Raufu kuma kamar mutumin da ya tsaya a bayan hayaƙin ɗanyen itace.

"Me nake riƙe da shi?"

"Waya?"

"Hulata ce."

Mudi ya sauke hannu, duniya ta dawo tar. Ya sake rufewa, ta sake tafiya. Ya yi dariyar da ba ta da daɗi.

"Amma ai ina gani, Oga. Yanzu ma ga ka nan ina ganinka."

"Da ɗaya kake ganina. Maza hau babur mu je asibitin ido kafin a rufe kati."

A kan bencin asibitin, tsakanin wani dattijo mai auduga a ido da wata mata mai goyo, abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Butar da yake yawan shura a ƙofar ɗaki. Maƙwabcin da ya kai ƙararsa wurin Haladu, wai ya ɗaga masa hannu a hanya bai kula shi ba. Sai kuma kakar bara waccan, ranar da ƙwayar masara ta fallo daga injin sussuka ta same shi a ido. Idon ya yi ja na 'yan kwanaki, ya sayi magani a kemis ya ɗiga, zafin ya tafi, shi ma ya manta.

Likitar, Dakta Obioma, ta sa shi ya karanta allo, ta ɗiga masa wani magani mai yaji, ta ce ya jira. Da ta sake kiransa ta haska masa fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Yanar ido ce, Malam Mudi. Bugun da ka samu ne ya jawo ta. Na dama lafiya lau yake, shi ne yake yi muku aikin ku biyu, shi ya sa ba ka lura ba."

"To a ba ni tabarau."

"Tabarau ba zai yi ba, sai an yi aiki. Ba wani babban abu ba ne, da safe a yi, da yamma ka koma gida. Ina sa ran ganin zai dawo, amma sai mun cire yanar za mu san abin da ke bayanta."

"Yaushe za a yi?"

"Ƙarshen wata muke da wuri. Bayan nan kuma babu ƙura, babu ɗaukar kaya, babu tuƙi, sai na ce maka ka warke."

"Likita, ranar Laraba nake da gwajin mota."

Ta ajiye biro ta dube shi.

"Wace irin mota?"

"Babba. Ta hatsi."

"Ni dai ido na sani, ban san mota ba. Amma duk abin da ya zo maka ta hagu, sai ya iso gabanka za ka gan shi. Ka yi tunani. A turo na gaba."

Da ya fito, hasken rana ya soke shi, saboda maganin ya buɗe masa idanu. Ya lalubi inuwar wani shago ya kira Raudatu.

"Baban Sadiya, an gama koyon?"

"Ina asibiti. Wai idona na hagu ba ya gani."

"Ido kuma? Wane ido? Ba kai ne jiya ka zura min zare a allura ba?"

"Ni ne."

"To ta yaya makaho zai zura zare?"

"Ban ce makaho ba ne. Ɗaya ne."

Yana jin muryar 'yarsu Sadiya tana rigima da 'ya'yan Haladu a tsakar gida.

"To gwajin fa?" ta tambaya a hankali.

"Ban sani ba."

"Ka zo gida ka ci abinci tukuna. Kada ka faɗa wa Yaya Haladu komai sai mun yi magana."

Raufu yana jiransa a bakin ƙofa a kan babur, waya sai ƙara take yi a aljihunsa, masu lodi suna nemansa. Ya saurari bayanin yana gyaɗa kai.

"Ka ji abin da zan faɗa maka, kuma ban ce ka yi ba. In za ka yi ribas, buɗe ƙofa ka leƙa da na dama. Direbobi da yawa haka suke yi, ba wanda zai ce komai. Na san wani mai ido ɗaya da ya yi shekaru yana zuwa Fatakwal."

"Yana ina yanzu?"

"Ya bar tuƙi." Raufu ya sosa ƙeya. "Ban dai tambayi dalili ba."

"To me kake ganin zan yi?"

"Da safe na ɗauka ido ne ya kayar da kai. Yanzu kuma ina tunani, in Sada ya gane ido ne, me zai sa ya ce ka dawo? Kai, ni ma na rikice. Ka je ka same shi. Ni zan wuce lodi."

La'asar ta yi lokacin da Mudi ya isa harabar kamfanin. Motoci na jere, makanikai na kwance a ƙarƙashin wata. Malam Sada yana zaune a gindin dalbejiya, ya tuɓe takalmi, yana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Mutum ne siriri mai furfura, wanda aka ce ya yi tuƙi tun ana zuwa Legas ta tsohuwar hanya.

Mudi ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kai ne na Mahuta," in ji Malam Sada. "Ai Laraba na ce."

"Na zo ne a kan dalilin da ya sa na faɗi, Malam."

"Madalla. Duk cikinku kai kaɗai ka dawo ka tambaya. Sauran suna tasha suna cewa na ci hanci." Ya miƙa masa gyaɗa. "Ba ka zaga motar ba."

"Na'am?"

"Ka zo ka haye kamar babur. Ba ka duba taya ba, ba ka leƙa ƙarƙashi ba. A kasuwar hatsi, da rana tsaka, ina 'yan dako suke kwanciya su huta? Ƙarƙashin mota. Na taɓa ganin abin da ya biyo baya, ba na son in sake gani. Duk wanda bai zaga ba, ko tuƙinsa ya kai na jirgin sama, sai ya dawo."

Mudi ya riƙe gyaɗar a hannu, bai ɓare ba.

"Shi ke nan, Malam? Ba wani abu?"

"Me kuma? Tuƙinka ba laifi. Ribas ɗinka ma ya fi na kowa a ranar."

Mudi ya waiwaya ya dubi ƙofar siton da ya shiga ranar gwaji. Sai yanzu ya lura: bangon da ake bi a daidaita mota a dama yake. Ta hagu fili ne fetal.

"Ka zo Laraba," Malam Sada ya ci gaba, "ka zaga mota, ka yi abin da ka yi rannan, ka karɓi makulli. Lodin farko Dandume ne, yankinku ma."

Wani makanike ya tayar da inji, hayaƙi ya turnuƙe ya wuce. Mudi ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka an ɗora masa wani. Ya tuna ɗakin nan guda, da labulen da ya raba shi biyu. Ya buɗe baki don ya yi godiya ya tashi.

"Malam, idona na hagu ba ya gani."

Shi kansa bai san lokacin da maganar ta fito ba.

Malam Sada ya daina tauna. Ya sunkuyo ya dube shi, kamar yadda Raufu ya yi da safe.

"Tun yaushe?"

"Yau na sani. Likita ta ce yana ce, za a yi aiki ƙarshen wata."

"Wa ya sani?"

"Matata, da Oga Raufu."

"Yanzu kuma da ni." Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. "Ka san da ba ka faɗa ba, da ban gane ba?"

"Na sani."

"Ka kuma san ba za a jira ka ba? Kafin ka warke an raba motocin kaka."

"Na sani, Malam."

"To me ya sa ka faɗa?"

Mudi ya juya gyaɗar da ke hannunsa. "Wallahi ban sani ba."

Malam Sada ya jawo takalminsa ya saka, ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Bayan kaka akwai jigilar taki. Ban yi maka alkawari ba, ba ni nake ɗauka ba, gwaji kawai nake yi. In an yi aikin, ka zo min da shaidar likita. Kafin nan duk motar da ka gani a tsaye, ka zaga ta. Wannan ba ya buƙatar ido biyu."

Mudi ya yi godiya ya fita. Bai san abin da zai gaya wa Haladu ba, bai kuma san ko Raudatu za ta ce ya kyauta ko ya yi wauta ba. Gyaɗar na nan a hannunsa, ta jiƙe da gumi.

A bakin titin Zariya ya tsaya zai tsallaka. Ya ɗan saci kallon hagu kamar yadda ya saba, ya ɗaga ƙafa, sai ya mayar da ita. Ya juya kansa gaba ɗaya, har kafaɗa, sai da idon dama ya kama titin tun daga nesa. Ya jira wani mai babur da buhuna biyu ya wuce, sannan ya tsallaka.