Hujjar Dawowar Tela

Kan keken ɗinki, naɗe da bargo. Dutsen guga. Agogon bango. Allon shago, da ƙusoshinsa a jiki. Tantabaru a keji. Kujerar da masu kawo ɗinki ke zama a kai. Fasfo. Gwaggo.

Abin da ƙaramar motar ɗaukar kaya ta kwaso ke nan, kuma ta ci rabin hanyar ofishin jakadanci kafin Tela ya yarda a ransa cewa akwai rigima a gaba. Yana zaune a tsakiya, giyar mota tana bugun gwiwarsa. Gefe ɗaya matarsa ce, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo, har shi ma ya bi sahu. Ɗaya gefen ƙaninsa ne ke tuƙi, wanda ake kira Ɗanwaje. Bai taɓa fita waje ba. An dai hana shi biza sau da yawa, har mutane suka ɗauke shi gwani a harkar.

Tela teku yake son gani. Ya tsufa yana ɗinka wa mutane kayan tafiya, su je su dawo da hotuna sun tsaya a bakin ruwa cikin aikin hannunsa. Rigunansa sun zaga duniya, shi bai wuce kasuwar zare ba. Bana ya ce sai ya je yawon buɗe ido na sati biyu, ya kuma faɗa wa duk wanda ya auna.

Ɗanwaje ne ya tsara komai. "Yaya," in ji shi tun farko, "mutanen nan abu ɗaya suke son sani. Za ka dawo, ko za ka ɓace musu? Ni takardu na riƙa kai musu, ka ga abin da ya faru. Takarda kowa na iya bugawa. Kai musu kayan su gani da idonsu."

Shawara ta biyu ita ce ta hana Tela barci. "Wanda ya nemi tafiya da matarsa, ai ya kwashe gida ke nan. Kai kaɗai za ka nema. Gwaggo ita ce babbar hujjarka, ita za ka dawo wa."

Tela ya yarda, aka nema masa shi kaɗai. Faɗa wa Gwaggo ne bai samu ranar da ta dace ba. Ita kuwa da ta ji zancen tafiya ta yi fasfo, ta sa ya ɗinka mata rigar sanyi mai nauyi, ta riƙa zagaya tsakar gida da ita da rana tsaka don jikinta ya saba. Ta yi ban kwana da maƙwabta. Ta karɓi saƙon tsaraba. Bai taɓa ce mata za ta je ba, bai kuma taɓa ce mata ba za ta je ba, kuma da wannan yake lallashin kansa.

"Malam," in ji Gwaggo, tana gyara wuyan rigar, "idan suka tambaye ni abin da zan je yi, me zan ce?"

"Ba lallai su tambaye ki ba."

"To me ya sa aka taho da ni?"

"Su gan ki."

"Wannan tarkacen na baya fa?"

"Su gan shi."

"Matar Yaya, ke dai ki yi murmushi," in ji Ɗanwaje. "Suna son mutum mai fara'a."

"Kai da ka yi ta yi musu fara'ar, ina ta kai ka? Kalli hanya."

A ƙofar ofishin akwai dogon layi, kowa riƙe da siririyar jakar takardu a ƙirji. Ɗanwaje ya faka a gaban ƙofa ya fara sauke kaya. Layin ya juyo gaba ɗaya. Mai gadi ya taso a hankali, ya dubi agogon bango, ya dubi tantabaru.

"Baba, ƙaura kuke yi?"

"Hujja ce," in ji Tela.

"Ko allura ba ta shiga nan."

"Akwai ɗaya a jikin keken, sai in cire."

"A mayar da su mota. Kuma mutum ɗaya aka ba lokacin ganawa. Wane ne a cikinku?"

Gwaggo tana can tana tsawata wa Ɗanwaje kan yadda ya riƙe agogo, ba ta ji ba. Tela ya ja mai gadi gefe. Yana bukatar ta a ciki, don hujjar da ba a gani ba ba ta da amfani, kuma yana bukatar kada ta san dalili.

"Ɗana, kunnena ba ya ji sosai," ya ce a hankali. "Ita ce ke ji mini."

Mai gadi ya sassauta murya har ta kusa ɓacewa. "Tsofaffi ana barin su da mai rakiya."

"Na gode, Allah ya yi albarka."

Mai gadi ya tsaya yana kallonsa. Wata tantabara ta yi kashi a kan dakalin ƙofa. Da alama ya auna ya ga barin su shiga ya fi saurin raba shi da kejin, sai ya buɗe.

Ɗanwaje ya riƙo hannun yayansa. "Akwai babbar taga da ke kallon titi, na san ta sarai. Zan faka a tsallake. Da ka cire hula, zan fara nuna kaya."

Ciki akwai sanyin na'ura da kujerun ƙarfe da aka ɗaure da ƙasa. Lamba tana fitowa a allo, mai ita ya tashi kamar an kira shi wurin likita. Kowa yana rawar sanyi ban da Gwaggo.

"Ka gani?" in ji ta. "Tun daga nan ƙasarsu ta fara. Kai da ka ce rigar ta yi nauyi."

Ta ciro fasfonta daga jaka, ta goge bangonsa da gefen mayafi, ta mayar. Tela ya kalli takalminsa.

Da lambarsu ta fito suka je taga ta ƙarshe. Bayan gilashi wata ma'aikaciya ce, sa'ar 'yarsu, da tabarau da Hausar da aka koya a aji, kowace kalma a wanke. Muryarta tana fitowa ta wata ƙaramar lasifika da ta fi ƙarfin aikinta. Tela ya tura fasfonsa ta ƙarƙashin gilashi.

"Baba, me za ka je yi?"

"Teku zan gani."

"Sai me?"

"Sai in dawo."

"Ina za ka sauka?"

Ya nuna takardar otal. Ta nemi tikitin dawowa, ya nuna. Ta duba takardar banki, ta duba hoto, ta dube shi. Gwaggo tana gefe tana murmushi, tana jiran a zo kanta.

"Sana'arka ɗinki. Me zai tabbatar mini za ka dawo?"

Tela ya cire hula.

"Dubi taga, 'yata."

Ma'aikaciyar ta juya. A tsallaken titi Ɗanwaje ya hau bayan mota, ya yaye bargo, ya ɗaga kan keken ɗinki sama da kansa yana nishi. Ya ajiye. Ya ɗaga dutsen guga. Ya ɗaga agogon bango, ya juya shi hagu da dama don kowa ya samu gani. Ya ɗaga allon shago a kife, ya lura, ya gyara. Mutanen da ke zaune a zauren suka taso suka taru a taga. Da ya zo kan keji ƙofarsa ta buɗe, tantabarun suka tashi, suka yi zagaye ɗaya a saman ofishin, suka nufi gida. Ɗanwaje ya ci gaba da ɗaga kejin babu komai a ciki.

Ma'aikaciyar ta juyo. Ta cire tabarau ta goge.

"Waɗannan kayan shagonka ne?"

"Duka. Ban bar komai ba."

"To yanzu me ya rage a shagon?"

Tela ya yi tunani. "Tsintsiya."

"Baba, na tambaye ka abin da za ka dawo wa. Kai kuma ka nuna mini ka kwashe shago, ka cire allo, ka loda a mota. Wanda zai bar gari ma haka yake yi."

Ta rufe fasfon. Ta ɗora yatsu biyu a kansa, ta fara turo shi ta ƙarƙashin gilashi. Ɗanwaje ya sha ba shi labarin wannan turowar. Tela ya ga teku yana komawa inda ya fito, ya ga fuskokin duk waɗanda ya auna ya faɗa wa. Hujja ɗaya ta rage masa, tana tsaye a gefensa cikin rigar sanyi. Ya sa tafin hannu ya tare fasfon.

"Akwai saura," ya ce. "Ga matata. Ita zan bari a gida."

Ya sassauta murya, amma Gwaggo ta ji. Murmushin bai sauka nan take ba, sai da ya ɗan jira.

"Wa za ka bari?"

Tela ya tuna kunnensa ba ya ji. Ya kafa ido a gilashi.

Gwaggo ta ciro fasfonta ta tura. Ma'aikaciyar ta duba na'urarta, ta turo shi baya da ladabi.

"Mama, mutum ɗaya ne ya nema. Ke an rubuta mai rakiya."

"Rakiya."

"Saboda kunnensa."

"Me ya samu kunnensa?"

Gwaggo ta dubi taga, inda Ɗanwaje ya koma kan kujerar masu kawo ɗinki yana ɗaga ta. Ta dubi mijinta. Tela ya ga lissafin yana haɗuwa a fuskarta: keke, guga, agogo, tantabaru, ita.

"Mama," in ji ma'aikaciyar, "tunda ke ce hujjar, bari in tambaye ki. Zai dawo?"

Gwaggo ta ɓalle maɓallin rigar na sama. Ta matso har numfashinta ya taɓa gilashi, ta ture Tela da kafaɗa.

"Sati biyu ya ce miki? Ki ba shi kwana uku. Mutumin da bai san inda takalminsa ke kwana ba. Tabarau yana goshinsa zai tashi gida duka a nema masa. An taɓa gayyatarsa biki a garin da ke kusa da mu, kafin a fara ya dawo, wai ya manta wace ƙwaya ake sha da safe, fara ko ja. Ba ya barci a gadon da ba nasa ba. Ba ya hawa bene, jiri yake ji. Teku yake son gani? Ruwan wanka sai na sa hannu na ce masa ya yi daidai kafin ya shiga. Ranar da na kwana asibiti wurin ƙanwata, shayi ya dafa a tukunyar miya, ya sha, ya kwanta ciwo."

"Gwaggo," in ji Tela.

"Au, kunnen ya buɗe?" Ba ta ko juyo ba. "'Yata, ki ba shi. Ba zai ɓace muku ba. Ku ne ma za ku biya kuɗin jirgi ku dawo mini da shi."

Zauren ya yi tsit, irin tsit ɗin mutanen da ke danne dariya don suna tsoron a hana su biza. Wani mai kwat a layin baya ya kasa, ya mayar da ita tari. Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai ta daɗe tana buga wani abu. Sannan ta janye fasfon Tela daga ƙarƙashin tafinsa, ta jefa shi cikin kwandon da ke gefenta.

"An amince. Za a kira ka ka zo ka karɓa."

Tela ya buɗe baki zai yi godiya. Gwaggo ta riga shi.

"'Yata, mace tana iya nema ita kaɗai?"

"Tana iyawa, Mama."

"Me ake kawowa?"

"Fasfo mai sauran kwana, hoto, tikitin zuwa da dawowa, inda za ki sauka, shaidar abin da za ki kashe. Da abin da zai dawo da ke."

"Wannan na ƙarshen ai kin gan shi."

A waje Ɗanwaje ya tare su da gumi har gwiwa. "Yaya, ya aka yi? Agogon ne ya ja hankalinta, ko? Na ga ta daɗe tana kallonsa."

"An ba shi," in ji Gwaggo.

"Ban faɗa ba? Matar Yaya, ban faɗa ba?"

"Ka faɗa. Shawarar barin ni ma kai ka faɗa?"

Ɗanwaje ya shiga duba tayar mota.

Gwaggo ta buɗe gaba ta zauna a tsakiyar kujera, ta ajiye jakarta a sauran wurin. Tela ya tsaya yana jiran a matsa masa. Ba a matsa ba.

"Kaya a baya suke zama," in ji ta.

Ya hau baya, ya zauna a kan kujerar masu kawo ɗinki, ya rungume agogo don kada ya fashe. Ta ƙaramar tagar da ke tsakani yana jin muryarta.

"Ɗanwaje, yayanka ya fi keken ɗinki nauyi?"

"Ya fi, matar Yaya."

"To ka fara cin abinci sosai."

Da suka shiga unguwa mutane suka fito suna tambaya. Tela ya ɗaga hannu daga bayan mota alamar an samu, aka yi masa barka. Wata maƙwabciya ta leƙa gaba ta tuna wa Gwaggo turaren da ta yi mata alkawari. Gwaggo ta ce ba ta manta ba.

A gida ta wuce ɗaki kai tsaye. Tela ya biyo ta da hula a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya shirya jawabi tun daga hanya, mai farawa da cewa duk don su biyun ya yi. Bai kai ga kalma ta uku ba matashin kansa ya fito ta ƙofa, bargo ya biyo baya, sai kwalbar ƙwayoyinsa.

"Fara da safe, ja da dare," in ji ta. "Ka fara koyo."

Ta rufe ƙofa, ta murza makulli. Muryarta ta fito ta cikin katako, ba tare da ta ɗaga ta ba.

"Ni zan fara zuwa in ga tekun. Kai za ka zauna a gida har in dawo."