Hannun Mai Takaba

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu ji ta.

Wata tsohuwa ce a garin Kancifuram na ƙasar Indiya, Walliyammai, zaune bayan ƙofar ɗakin masaƙa, tana yi wa mijinta da ya rasu magana a zuci.

…a wurina fa, Maigida. A wurina na saƙa suka zaunar da shi. Wani Dorai da suka ɗauko haya, wanda ko zare ya tsinke sai ya nemi mai ƙulla masa.

Irin sarinmu, dogon zanen nan na mata, ai mutum ɗaya ba ya saƙa shi. Kai ka jefa ƙoshiyar zaren jikin zanen, ni in jefa ta bakinsa, zare ya sarƙe zare — ja da ruwan zinariya — sari ya tsufa ya yage, baki bai rabu da jiki ba. Tun ina amarya. "Ke Walli, barci kike ko saƙa?" In ce, "Kallon fuskarka ke sa ni hamma."

Sai ka tafi ka bar sarin auren jikarmu Tamarai rabi a masaƙa. Rabi! Ko haƙurin ƙarasawa ba ka yi ba.

"Inna, ki huta," in ji surukarmu Selbi. Hutu? Ina miƙa hannu ta sha gabana. "Kayan amarya ne, Inna. Kin san dai… hannun mai takaba ba ya taɓa kayan aure. Me mutane za su ce?"

Hannun nan ya yi wa Tamarai wankan farko. Da ka rasu an fasa mini awarwaro, an goge jan ɗigon goshina, an cire furen kaina — yatsun ma an fasa su ne?

Bari dai. Ina jin su. Ɗanka na jefawa, Dorai na makara. Tak… shiru… tak. Bakin zai yi sako-sako, ya ɓalle a jikin yarinya gaban wutar ɗaurin aure. Yanzu za su gane. Yanzu ƙofar nan za ta buɗe: "Inna, yi haƙuri, zo ki duba mana." Ba zan tashi da wuri ba. Sai sun roƙa.

Na ma wanke hannuna.

Tak… tak. Tak-tak.

Tsaya.

Tak-tak, tak-tak… wannan ai tafiyarmu ce, ni da kai. Yaushe ya koya? Har dariya suke yi.

Zai yi kyau, Maigida. Sarin zai yi kyau. Murna ya kamata in yi, ko? Tamarai ce fa…

Ga hannuwan dai a cinya. A wanke.

Ƙurunƙus, nan zaren ya tsinke.